Abin da Tumbi Ke Yi wa Ƙoda

Idan saurayi ya samu aiki ko ya yi aure, bayan 'yan shekaru aka ga wuyansa ya cika, tumbi ya fara turo riga, sai dangi su ce Alhamdulillahi, hankali ya kwanta. Likitocin zuciya kuwa damuwa suke shiga. Ƙibar da ke hawa jiki a hankali bayan ƙuruciya tana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, wato awo ya kai 140/90 ko fiye, ya ƙi sauka.

A garin Framingham na Amurka, inda tun 1948 ake bibiyar lafiyar mazauna, wani nazari na 1987 ya ƙiyasta cewa kashi 78 cikin 100 na hawan jinin maza da kashi 65 na mata ƙiba ce silarsu. Wanda ya fi shafar Afirka ta Yamma kuwa shi ne binciken da Richard Cooper ya jagoranta, aka wallafa a 1997. An auna baƙar fata a Najeriya da Kamaru, da tsibiran Karebiyan irin su Jamaika, da garin Maywood kusa da Shikago, mutanen da tushensu ɗaya ne. Masu hawan jini suka kama kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiyan, 33 a Amurka, kuma nauyin jiki da cin gishiri suna hawa kafaɗa da kafaɗa da waɗannan alƙaluma. Masu cewa ciwon gado ne kawai na baƙar fata ya kamata su dubi wannan da kyau.

Inda kitsen ya zauna ma abin lura ne. Na cinya da kwatangwalo bai kai na cikin ciki illa ba, wanda ke lulluɓe hanji da hanta da ƙoda. Duk wanda ya taɓa feɗe kiwataccen rago ya ga yadda ƙoda ke nutsewa cikin farin kitse. A jikin mutum, kitsen nan matse ƙodar yake yi, sai ta koma riƙe gishiri da ruwan da ya kamata su bi fitsari su fita. Jini ya ƙaru, zuciya ta shiga tura shi da ƙarfi. Kitsen kuma yana fitar da sinadarin leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994. Idan ya yi yawa sai ya zuga ƙwaƙwalwa ta umarci ƙoda ta ƙara riƙe gishiri. Ga mai ƙibar da ke minshari, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, jinin har cikin dare hawa yake.

Shi ya sa ƙwayoyin “sha-ka-fashe” da wasu 'yan mata ke saye domin su yi ƙiba abin takaici ne. Irin su dexamethasone ruwa suke tarawa a jiki, su jibge kitse a ciki da fuska, su ɗaga jini.

Abin daɗin shi ne lamarin yana juyawa. Wani bita na 2003 da ya tattara gwaje-gwaje 25 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke awon jini da kusan maki ɗaya. Mai kilo 95 da ya koma 88, ya rage gishiri da dunƙule a miya, zai iya ganin bambanci a asibiti, amma likita ne kaɗai zai ce a rage magani. Siriri ma bai tsira ba, don haka kowa ya riƙa zuwa awo.

Don auna tumbi a gida, tef ɗin tela ya wadatar. A zagaya shi daidai saman cibiya bayan an sauke numfashi. Abin da ake so kada kewayen cikin ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.