Motsa Jiki A Cikin Gida: Wane Bidiyo Ya Dace Da Uwargida?

  

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata 'yar uwa da ke unguwar Ƙofar Sauri a birnin Katsina. Ta ce ta je asibiti an auna ta, an ce jininta ya fara hawa, likita ya ce ta rage gishiri da maiƙo, ta kuma riƙa motsa jiki. Ita kuwa matar kulle ce, ba ta fita sai da lalura. 'Yarta ta tura mata bidiyoyi kusan goma a waya. Ta buɗe na farko ta ga wata Baturiya tana tsalle kamar za ta tashi sama, ta bi ta minti biyu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Tun daga ranar ta ajiye. Tambayarta ita ce, a cikin wannan tarin bidiyo, wanne ne nata?

To 'yar uwa, na san ba ita kaɗai ba ce, watakila ke ma haka abin yake a wajenki. Sai ki gyara zama.

Me ya sa sai yanzu?

Wata za ta ce iyayenmu da kakanninmu ai ba su san wani bidiyo ba, kuma lafiyarsu lau. Gaskiya ne, amma ki tuna yadda yininsu yake. Su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su ja ruwa a rijiya, su yi wanki a durƙushe. Kafin azahar sun yi gumi sun sake. Mu kuwa yau injin niƙa na bakin layi, mai ga-ruwa na kawo ruwa har ƙofar gida, garin tuwo ma a leda ake sayo shi. Sauƙi ya samu, alhamdu lillahi, amma zama ya yi yawa. Ga waya a hannu, ga fim, ga shayi da sukari. Shi kuwa jiki idan ba a mora shi ba sai ya fara kawo ƙara: hawan jini, ciwon suga, ƙiba, ciwon baya, da gwiwar da ke hana mace sujada yadda take so.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022, kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba su motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi yawa a ciki, kashi 34, maza kashi 29.

Amfanin kuma an gwada shi an gani. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, suka kuma gyara cin abinci don su rage ƙiba, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Sun ma fi waɗanda aka ba ƙwayar magani samun kariya.

Motsa jiki iri biyu ne

Na farko shi ne wanda ke sa zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya ƙaru, gumi ya fito, kamar tafiya da sauri ko taka ƙafa a wuri ɗaya. Wannan shi ke ƙarfafa zuciya da huhu, ya taimaka wajen saukar da jini.

Na biyu shi ne na ƙarfafa tsoka, wato a sa tsokar cinya da ta hannu da ta baya da ta ciki su ɗauki nauyi. Mata da yawa na gudun wannan, wai kada su yi ƙwanji irin na maza. Ki kwantar da hankalinki, halittar mace ba ta bari hakan ya faru da ɗan wannan abin da za ki yi a ɗaki. Abin da za ki samu shi ne ƙarfin tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba. Tsoka kan fara raguwa a hankali tun daga wajen shekara 30, ƙashin mace kuma yana rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada. Sannan tsoka ita ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke yawo a jini bayan an ci abinci, don haka mai tsoron ciwon suga tana buƙatarta ƙwarai.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce, babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na nau'in farko, matsakaici ba mai tsanani ba, sannan nau'i na biyu aƙalla kwana 2 a mako. Minti 150 ɗin nan idan kika raba, minti 30 ne sau 5. Ba kuma dole sai a zama ɗaya ba. Goma da safe, goma da yamma, goma da dare, duk lissafi ne.

Abin da za ki duba kafin ki zaɓa

Wannan harka ta bin malami a allon talabijin ta daɗe. Tun 1982 wata 'yar fim ta Amurka mai suna Jane Fonda ta fitar da kaset ɗinta na motsa jiki, ya bazu a gidaje. Daga kaset aka koma faifan CD, yau kuma suna nan birjik a YouTube, kyauta. Yawansu ne ma ya zama matsala. To ga ma'aunin da za ki auna su da shi.

Na ɗaya, ki kalle shi tun daga farko har ƙarshe kina zaune, kafin ki bi shi. Bidiyon kirki yana farawa a hankali na kamar minti 5 don jiki ya ɗumama, yana kuma ƙarewa a hankali da miƙe gaɓoɓi. Wanda ya fara da tsalle tun daga minti na farko, ki wuce shi.

Na biyu, ki nemi wanda babu tsalle. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙafa ɗaya tana ƙasa a koyaushe. Daɓen siminti ba ya tausayin gwiwa, musamman ga mai jiki. Mace mai haihuwa da yawa kuma takan ga ɗigon fitsari idan ta yi tsalle. Misalin irin wanda nake nufi shi ne shirin Walk at Home na wata Ba'amurkiya, Leslie Sansone. Tafiya ce a wuri ɗaya, da taku gefe da gefe, da ɗaga gwiwa, da ɗan shuri a gaba. Ko ba kya jin Turanci, ido ya isa. Ba na ce lallai sai nata ba, irinsa nake nuna miki.

Na uku, ki duba tsawonsa. Mai farawa ta ɗauki na minti 10 zuwa 15. Bidiyon awa guda da za ki yi sau ɗaya ki kwanta ciwo, bai kai na minti 10 da za ki riƙe wata shida ba.

Na huɗu, ki auna shi da bakinki. Idan kina bin sa kina iya yin magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, to daidai ke nan. Idan ko kalma uku ba kya iya haɗawa sai kin tsaya haki, ya fi ƙarfinki a yanzu.

Na biyar, kayan aiki. Wanda zai ce sai kin sayi keke ko wasu ƙarafa, bar shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gora biyu masu lita ɗaya da rabi, ga kilo ɗaya da rabi a kowane hannu. Kujera mai ƙwari da bango sun cika sauran. Bidiyon ƙarfafa tsoka mai kyau za ki ga yana da zama da tashi a kujera, da tura bango da hannu biyu, da ɗaga gora, da ɗaga ƙugu kina kwance rigingine, da tsayawa a kan yatsun ƙafa. Kowanne a maimaita sau 8 zuwa 12, a huta, a sake. Malamar kirki za ta riƙa tuna miki ki yi numfashi. Kada ki riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, yana sa jini ya hau nan take.

Na shida, ki guji mai alkawarin ƙarya. Duk wanda ya ce zai narkar miki da tumbi cikin kwana 7, ko ya haɗa da tallar shayin rage ƙiba ko ɗamarar matse ciki, kasuwarsa yake ci. Jiki ba ya zaɓar kitsen wuri ɗaya ya ƙona don an motsa wurin. Kitse yana raguwa ne a jiki baki ɗaya, a hankali, kuma sai an haɗa da gyaran abinci.

Na bakwai, tarbiyyar gidanki. Da yawa daga cikin bidiyoyin nan akwai kiɗa da shigar da ba za ki so yara su gani ba. Ki zaɓi wanda mace ke koyarwa da sutura mai dama, ki kashe sautin in kin ga dama, ki bi ƙafarta kawai. Idan kin samu wanda ya yi miki, ki sa a sauke miki shi a kan waya ko a katin waya sau ɗaya, ba sai kin riƙa ƙona data kullum ba, kuma ko an ɗauke wuta ba ruwanki. Bayan mako biyu ma za ki haddace shi.

Waɗanda sai sun tambayi likita

A nan ina so ki ba ni hankalinki sosai. Mai ciwon zuciya, da wadda jininta ya hau sosai bai sauka ba, da mai ciwon suga da ke allurar insulin, da mai amosanin jini, da mai asma, da mai ƙarancin jini, kada su fara sai sun yi shawara a asibiti. Motsa jiki kuma ba ya maye gurbin magani. Kada ki ajiye ƙwayarki don kin fara gumi.

Mai juna biyu da ba ta da wata matsala an yarda ta motsa jiki matsakaici, har yana taimakonta, amma ta faɗa a wurin awo, ta kuma guji daɗewa kwance rigingine idan ciki ya tsufa. Mai jego ta bi a hankali, ta bari a duba ta bayan arba'in, wadda aka yi wa tiyata kuwa sai likita ya sallame ta. Bayan haihuwa naman ciki kan rabu a tsakiya, don haka bidiyon da ke sa mace ta kwanta tana tasowa zaune ba nata ba ne tukuna. Sannan akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki da watannin farko na jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma an san shi a ƙasar Hausa. Mai jegon da ke haki ko tana zaune, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za ta nufa a ranar.

Ke ma kowace ce, idan kina cikin yi kika ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko duhu a ido, ko zuciya na bugawa ba bisa tsari ba, ki tsaya nan take ki nemi likita. Ɗan tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba komai ba ne, zai wuce. Zafi mai suka a cikin gaɓa shi ne abin gudu.

Yaushe, kuma a ina?

Kin san zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu, yakan kai digiri 40. A bazara ki yi bayan sallar asuba ko bayan magariba, ki ajiye ruwa kusa. Da hunturu, idan ƙura ta yi yawa, ki koma ɗaki. Da azumi ki bari sai kamar awa biyu bayan buɗe baki. Fili kuwa, wurin da zai ɗauki tabarma biyu ya isa. Amma kada ki taka a kan tabarmar roba a bisa tayil, tana zamewa. Ki sa wando a ƙarƙashin riga don zani yana harɗe ƙafa, ki sa takalmin kambas in akwai.

Ga yadda za ki iya tsara mako. Asabar, Lahadi, Talata, Laraba da Alhamis, tafiya. Lahadi da Laraba ki ƙara da na ƙarfafa tsoka. Litinin da Juma'a hutu. Makon farko minti 10, ki riƙa ƙara minti 5 duk bayan mako ɗaya ko biyu har ki kai 30. 'Yar uwarmu ta Ƙofar Sauri, kada sunan unguwa ya ɗebe ki, sauri ya haifi nawa.

Mutanen gida

Na san abin da ke ran wasu: dariya. Abokiyar zama ta leƙo, uwar miji ta ce yau kuma rawa aka koma? Ki fara da maigida, ki gaya masa abin da likita ya ce, ki nuna masa bidiyon. Ki tuna masa ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Ita kuwa abokiyar zama, ki gayyace ta. Mutum biyu sun fi riƙe abu, ranar da kika ji ƙyuya ita za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa.

Kada kuma ki sa ido a kan sikeli kaɗai, yana iya yin wata guda bai motsa ba. Ki duba barcinki, ki duba yadda kike tasowa daga sujada, ki duba awon jininki idan kin koma asibiti. A nan za ki fara ganin canji.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Gobe bayan asuba, kafin a hura wuta, ki ba kanki minti goma. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun sake saduwa, ki huta lafiya.