Faifan Thriller: Yadda Ake Gane Bugun Farko Da Na Baya

Kafin zuwan kaset, balle wayar hannu, waƙa a kan faifai take zuwa gida. Wani baƙin faranti ne na roba mai faɗin inci 12, a ɗora shi a kan garmaho, a sauke masa allura, yana juyawa sau 33 da ɗigo cikin minti ɗaya, sauti na fita. Da yawa daga cikinku ba ku taɓa riƙe shi ba, sai dai ko kun gan shi a tsohuwar akwatin Baba ko ta Kaka. Amma faifan bai mutu ba. A shekarar 2022, a Amurka kaɗai an sayar da fayafayan garmaho kimanin miliyan 41, CD kuwa miliyan 33. Rabon da faifan garmaho ya wuce CD a yawan ciniki a can tun 1987.

Cikin masu sayen akwai waɗanda tara fayafayan ne sha'awarsu, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Wajensu sunan mawaƙi kaɗai bai isa ba. Sai sun san wace ƙasa aka buga faifan, a wace masana'anta, kuma bugu na nawa ne. Za mu ɗauki albam ɗaya da kusan kowa ya san shi, wato Thriller na Michael Jackson, mu ga yadda ake wannan bincike.

Albam ɗin kansa

Thriller ya fito a ƙarshen watan Nuwamban 1982 a ƙarƙashin kamfanin Epic, wani reshe na CBS. Quincy Jones ne ya jagoranci aikin, Bruce Swedien ya ɗauki sautin a ɗakin ɗaukar waƙa na Westlake da ke Los Angeles. Waƙoƙi tara ne, huɗu a fuska ta ɗaya, biyar a ta biyu, duka kimanin minti 42. Fuska ta ɗaya ta ƙare da waƙar Thriller, ta biyu ta buɗe da Beat It, sai Billie Jean ta biyo. Albam ɗin ya yi mako 37 a saman jadawalin Billboard na Amurka, kuma a bikin Grammy na 1984 Michael Jackson ya tafi gida da kyaututtuka takwas. Ana ƙiyasta an sayar da kwafi kusan miliyan 70 a duniya, babu albam da ya kai shi.

Akwai ma alaƙa da maƙwabtanmu. Amshin da ke ƙarshen waƙar farko ya samo asali ne daga Soul Makossa, waƙar da Manu Dibango ɗan Kamaru ya fitar a 1972. Dibango ya yi ƙorafi, daga baya aka sasanta a wajen kotu.

Me ake nufi da bugu?

Duk wanda ya saba duba shafin farko na littattafan makaranta ya san bugu na ɗaya, bugu na biyu. Faifai ma haka yake, sai dai nasa ya fi rikitarwa, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin sa.

Da farko injiniya zai ɗauki tef ɗin da aka naɗi waƙoƙin, ya sa na'ura mai kaifin baki ta sassaƙa sautin a kan wani faranti mai laushi. Siririn tsagi ɗaya ne tak yake zagaye fuskar faifan tun daga baki har ciki, lanƙwashe-lanƙwashensa ne allura ke bi ta mayar da su sauti. Bernie Grundman ne injiniyan da ya yi wa Thriller wannan aiki na ƙarshe. Daga nan sai a lulluɓe farantin da ƙarfen nikel, a ɓamɓare, a samu kwafin da masu sana'ar ke kira uba. Daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin ƙarfe. Hatimi biyu ake ɗaurawa a injin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sa curin roba mai zafi a tsakiya, a matse. Faifai ya fito ke nan.

Hatimi ba ya daɗewa. Bayan 'yan dubbai kaɗan sai ya cinye, a sauya wani. To, ku kwatanta yawan hatimin da aka ƙarar kafin a buga miliyoyin Thriller. Ga shi kuma ba masana'anta ɗaya ba ce, ba ƙasa ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga fayafayai biyu masu hoto iri ɗaya, amma ɗaya ya fito a 1982 a Amurka, ɗaya kuma shekaru bayan nan a Turai, sautinsu da darajarsu ba ɗaya ba.

Tsawon waƙa ma yana shafar sauti. In aka cusa minti da yawa a fuska ɗaya, dole tsagin ya matsu, sautin ya yi rauni. Wannan ya faru da Thriller. Da aka saurari gwajin farko, ba a ji daɗinsa ba, sai aka koma aka sake haɗa sautin, aka rage tsawon wasu waƙoƙin kafin a fitar da shi kasuwa.

Mataki na farko: kwali

A fara da kwalin. Hoton gaba Michael Jackson ne kishingiɗe cikin fararen kwat, wanda Dick Zimmerman ya ɗauka. Kwalin asali buɗewa yake kamar littafi, a ciki a ga cikakken hoton tare da ɗan damisa. Sannan akwai jakar takarda ta ciki mai ɗauke da baitocin waƙoƙin da zane-zanen da Michael Jackson ya yi da hannunsa. In wannan jaka ta ɓata aka maye gurbinta da farar takarda, darajar faifan ta ragu.

Sai lambar kaya, wadda ake bugawa a gefen kwali da bayansa. Ita ce ke faɗin ƙasar da aka yi faifan dominta. Na Amurka QE 38112 ne. Na Ingila da Turai EPC 85930, kuma da yawansu a Holan aka buga su. Na Japan 25·3P-399 ne, yana zuwa da wata siririyar takarda da aka ɗaura wa kwalin kamar ɗamara, da rubutun Japananci. Masu tarawa suna ji da wannan ɗamara ƙwarai, domin yawancin mutane yar da ita suke yi ranar da suka sayi faifan.

Ga wata alama da masu tara Thriller suka fi dubawa. A bayan kwalin bugun farko na Amurka, sunan Quincy Jones kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya shirya albam ɗin. A bugun da suka biyo baya sai aka ƙara layi mai nuna cewa Michael Jackson ma ya yi tarayya a shirin. Layi ɗaya ne, amma shi ke raba kwalin farko da na baya.

Mataki na biyu: tsakiyar faifai

Kwali na iya yaudara. Cikin shekara 40, mutane sun sha musanya fayafayai, na wannan kwali ya koma wancan. Don haka sai a zaro faifan a duba takardar da ke manne a tsakiyarsa. Lambar da ke kanta ta dace da ta kwali? Ƙananan rubutun da ke zagaye da bakinta sun ambaci wace ƙasa? In kwali ya ce Amurka, takardar tsakiya ta ce Holan, to an yi haɗin gambiza.

Hujja mafi ƙarfi tana wurin da mutane ba su cika lura ba. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai wani fili sumul, babu waƙa a kansa. Karkata faifan a hasken taga, za ka ga lambobi da haruffa ƙanana, wasu an karce su da hannu, wasu da inji. A kan farantin asali ko kwafinsa na ƙarfe aka yi su, saboda haka duk faifan da ya fito daga wannan tushe yana ɗauke da su. Ba a iya sauya su kamar yadda ake sauya kwali.

A bugun Amurka za ka ga lambar 38112, haɗe da haruffan da ke nuna fuska ta ɗaya ko ta biyu, sai wata lamba da harafi a ƙarshe, irin su 1A ko 2B, masu nuna wane yanka ne aka yi amfani da shi. Nan ma sai an yi hattara. Albam mai farin jini irin wannan, akan yanka faranti da dama lokaci ɗaya a rarraba wa masana'antu, saboda haka harafin B ba lallai ne ya zo bayan A a kwanan wata ba. A lokacin CBS na da masana'antu a Pitman ta jihar New Jersey, da Terre Haute ta Indiana, da Carrollton ta Georgia. Kowace tana da alamarta a wannan fili: P ta Pitman, T ta Terre Haute, G ta Carrollton. Wanda ya kwafe waɗannan lambobi a takarda zai iya gwada su da na rumbun Discogs a intanet, inda aka jera ɗaruruwan bugun Thriller daga ƙasashe daban-daban.

Sabon bugu da na jabu

Ba kowane Thriller ne tsoho ba. An sake fitar da shi a 2008 don cikarsa shekara 25, aka kuma sake a 2022 don cikarsa 40. Akwai kuma mai hoto a jikin robar kanta. Yana da kyan gani a bango, amma sautinsa yakan zo da hayaniya fiye da baƙin faifai.

Hatta manyan masu tarawa akan ba su mamaki. A 2022 kamfanin Mobile Fidelity, wanda ya yi suna wajen buga fayafayai masu tsada, ya sanar zai fitar da Thriller kwafi 40,000. Wasu suka yi lissafi: tsarin da kamfanin ke alfahari da shi yana buƙatar sabon yanka a kai a kai, shin za a bari a yi ta juya tef ɗin asali sau da yawa haka? Tambayar ta taimaka wajen tono cewa kamfanin ya shafe shekaru yana fara kwafe sautin zuwa kwamfuta kafin yanka, alhali masu saye sun ɗauka daga tef kai tsaye yake zuwa. Magana ta kai kotu, kamfanin ya amince ya biya diyya. Kunnuwan ƙwararru ba su kama bambancin ba, lissafi ne ya kama shi.

Na jabu kuwa yawanci bugun kwalinsa ne ke tona masa asiri: hoto dishi-dishi, ƙananan rubutu sun cakuɗe, lambobin tsakiya ba su dace da na kowane sanannen bugu ba.

Nawa zai yi?

Kada wani ya tsinci Thriller a gida ya ɗauka ya yi arziki. Abin da ke sa faifai tsada shi ne ƙarancinsa, Thriller kuwa miliyoyi aka buga. Kwafin da ya sha allura ba shi da wani kuɗi mai yawa. Wanda ke da daraja shi ne bugun farko mai lafiya, ko wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba, ko na Japan mai ɗamararsa, ko kwafin da aka raba wa gidajen rediyo mai hatimin talla a kwali.

Lafiyar faifai tana da ma'auni da masu saye da sayarwa suka yarda da shi. M na nufin sabo dal. NM ya kusa sabo. VG+ yana da 'yan alamun amfani da ba su ɓata sauti ba. VG ana jin ƙaras-ƙaras. G da P sun ji jiki. Faifai da kwali kowanne makinsa daban. Sanin wannan yana kare mutum ta fuska biyu: ba za a sayar masa da bugun jiya a farashin na 1982 ba, ba kuma za a karɓe masa abu mai daraja a kuɗin goro ba.

Adana shi a ƙasarmu

Manyan maƙiyan faifai biyu ne, kuma duka muna da su: zafi da ƙura. Faifan da aka bari a rana, ko a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, lanƙwashewa yake yi, kuma gyaransa da wuya. Ƙurar hunturu tana shiga tsagi, allura ta bi ta kai ta goge sautin. Don haka a jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. A riƙe faifai ta bakinsa da takardar tsakiya, yatsa kada ya taɓa tsagin. A goge da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen tsagin. Kada a sa masa kananzir ko fetur. Kada kuma a ɗora masa allurar ƙarfe ta tsohon garmahon da ake waɗawa da hannu, wannan ta fayafayai masu juyi 78 ce, za ta yage shi tun a juyin farko.

Wannan ilimi bai tsaya kan Thriller ba. A shekarun 1970 Legas na da masana'antun buga faifai, kuma kamfanin EMI na Najeriya ya fitar da fayafayan mawaƙan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Waɗannan ba a buga su miliyoyi ba, kuma duk wanda ya fashe ko ya narke, adadin da ya saura ya ragu ke nan. In akwai tsohuwar akwati a gidanku, ku nemi izinin manya ku buɗe ta a wannan hutu. Ku ɗauki littafin rubutu, ku rubuta sunan mawaƙi, da kamfani, da lambar kwali, da lambobin da ke tsakiyar faifan, sannan ku tambayi mai shi inda ya saye shi da kuma wace shekara.