Kula da Kwamfutar Cinya a Ƙasar Haɗeja

Kwamfutar cinya, wadda ɗalibai suka fi kira laftof, abu biyu ce a jiki ɗaya: akwai injin, akwai ajiyar da ke cikinsa. Injin kuɗi ke sayensa. In ya mutu, mutum ya shiga mota zuwa Kano, ya nufi titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ya ɗauko wani, sabo ko na hannu. Amma kundin binciken da ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman ya shekara yana rubutawa, da lissafin bashin dillalin shinkafa, da hotunan mahaifiyar da ta rasu, babu kasuwar da ake sayar da su. Saboda haka duk wata kula da za a yi wa na'urar, a yi ta ne da tunanin abin da ta ɗauka.

A ƙasar Haɗeja maƙiyan kwamfuta bin yanayi suke yi, kowa da lokacinsa. Hunturu shi ke kawo ƙura. A cikin na'urar akwai 'yar fanka mai zuƙo iska tana hura ta ta cikin wasu siraran haƙoran ƙarfe don fitar da zafi, kuma duk abin da iskar ta ɗauko nan yake maƙalewa. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara yana kwance wata kwamfuta da ta yi hunturu uku ba a buɗe ta ba. Da ya ɗaga murfin, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fankar kamar audugar katifa, ya sa tsinke ya zaro ta sala guda. Mai ita kuwa ya zo ne da kukan cewa tana mutuwa da kanta. Ba lalacewa ta yi ba, numfashi ne ya gagare ta. A kai ta a share sau ɗaya a shekara bayan hunturu, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko filo, domin kafofin iskarta a ƙasa suke. Ko faifai ko faranti aka sa mata ya fi.

Bazara ta fi tsanani. Yawancin kamfanoni suna ƙera waɗannan na'urori ne don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Haɗeja yakan haura 40. Wanda ya fi shan wuya shi ne batir, domin zafi yana cin ƙarfinsa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Kada a bar ta cikin mota a rufe, ko a ɗakin kwano da tsakar rana tana jone da caja. Idan aka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ya ƙi rufuwa daidai, batir ne ya kumbura. A cire shi a ranar, don yana iya kamawa da wuta. Game da lantarki kuwa, caja ta asali tana karɓar wuta mai ƙarfin bolt 100 zuwa 240, amma ba ta jure wa tsallen da wuta kan yi sa'ad da aka kawo ta ko aka tayar da janareta. A bari wutar ta daidaita tukuna. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare cajar.

Yanzu mu shiga rumbun ajiya. Kwamfutoci na hannu da suka fi yawa a wurinmu suna ɗauke da had-dis, wato faifan ƙarfe ko gilas mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wani har 7,200, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kakansa kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1956, girmansa ya kai firji, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. Wanda ya san yadda allurar nan take ba zai saɓa kwamfuta tana kunne ya hau babur ya bi hanyar Guri da ita ba. Girgiza ɗaya ta isa allurar ta karce faifan. Idan kuma aka fara jin ƙas-ƙas daga ciki, ruwa ba ya tsami banza: a kwashe abin da ke ciki tun yana buɗuwa.

Sabon rumbu, SSD, ba shi da abin da ke motsi. Dangin filas ne da memorin waya, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, kuma ina ba duk mai hali shawara ya sauya zuwa gare shi. Aibinsa ɗaya: ba ya yin jinya, rana ɗaya yake tafiya.

Filas kuwa jakar kai saƙo ce, ba rumbu ba ce. Takan zaga shagunan buga takardu ta kwaso bayiros ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, kuma kasuwa cike take da na jabu: an rubuta giga 64 a jiki, cikinta bai kai 8 ba, sai ta riƙa taka tsohon abu da sabo ba tare da ta nuna ba. In ka sayi sabuwa, cika ta da bidiyo ka buɗe na farko da na ƙarshe. Kuma kada a fizge ta kafin a sallame ta daga kwamfuta, domin wani lokaci rubutun bai gama sauka ba.

Sai damina, wadda ita ce jarrabawar gaske. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canza, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ga shi ƙasar shimfiɗe take. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san yadda matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga, da yadda ƙauyukan Auyo da Kirikasamma suka koma sai kwalekwale. A irin wannan dare, kwafin da aka ajiye a had-dis na waje cikin akwati ɗaya da kwamfutar ba shi da amfani, tare za su nutse. Manomin nan ya daɗe da sanin maganin wannan: yana da gona a fadama, yana da wata a tudu. Haka za a yi wa fayil. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun waje da aka ƙulle cikin leda aka rataye sama, na uku a inda ruwan Haɗeja ba ya kaiwa, ko wurin ɗan'uwa a wani gari ko a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta, kuma rubutun shekara goma ba zai cika shi ba. A ware rana guda a mako, a kuma riƙa buɗe kwafin ana dubawa.

In ƙaddara ta faɗa ruwa ya shiga, babban kuskure shi ne danna maɓalli don a ga ko tana da rai. Wutar ce ke ƙona ta, ba jiƙewar kaɗai ba. A zare caja, a cire batir in yana ciruwa, a kife ta a buɗe. Nan ƙasar shinkafa ce, kuma da yawa sun yarda cewa a binne ta a buhu. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya shige ƙarƙashin allon ciki, balle ta wanke laka da gishirin da ke haddasa tsatsa. A garzaya da ita wurin mai gyara cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kalmar farko da za a faɗa masa ita ce: "Malam, fara ciro mini rumbun." Sau da yawa injin ya riga ya tafi, amma in aka tsane rumbun aka jona shi a wata kwamfutar, sai ga sunayen fayilolin suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya.