Yadda Za Ka Gane Shukar Ado Idan Hunturu Ya Kakkaɓe Mata Ganye

Idan ka tare a sabon gida tsakanin Disamba da Fabrairu, ba mamaki ka tarar da wata shuka a tsakar gida ko jikin katanga, ba ganye ba fure, sai rassa tsirara kamar busasshen itace. Mai gidan da ya dasa ta ya tashi, maƙwabta kuma kowa da sunan da zai ba ka. To, sanin ko mece ce ba don sha'awa kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin shuke-shuken adon da muke dasawa suna da guba, ga yara suna wasa a gindinsu, ga awaki da ba sa barin komai a lokacin rani.

Me ya sa ganyen ke zubewa?

A Turai sanyi da gajartar yini ne ke sa itatuwa zubar da ganye. A nan ƙasar Hausa kuwa, babban dalili shi ne rashin ruwa. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu, iskar hunturu kuma busasshiya ce, tana zuƙe shi da sauri. Sai shukar ta yi wani siririn layi na ƙwayoyin halitta a gindin kowane ganye, ta toshe hanyar ruwan, ganyen ya faɗi. Saboda haka kada ka yi saurin sa adda. Ɗan kankare ɓawon reshe da farce: idan ka ga kore a ciki, tana nan da ranta.

Abubuwa huɗu da za ka duba

Na farko, tabon ganye. Duk inda ganye ya faɗi yakan bar tabo a reshe, kuma tsarin tabon ba ya canzawa a jinsi guda. Ko dai tabo biyu suna fuskantar juna, kamar a lalle, ko kuma ɗaya-ɗaya suke bi suna zagaya reshen, kamar a bini da zugu. Wannan kaɗai ya isa ya rage maka zato sosai.

Na biyu, jikin reshe da gindi. Siriri ne mai tauri ko mai kauri da taushi? Akwai ƙaya? Gindin ya kumbura?

Na uku, ruwan jikinta. Karya ɗan ƙaramin reshe, amma fa ka sa leda a hannu, kuma kada ka kai hannun ido. Fari ne kamar nono, ko garai-garai ne mai yauƙi?

Na huɗu, dubi ƙasa. Busassun ganye, kwanson 'ya'ya da iri da ke gindinta sukan faɗi abin da rassan suka ɓoye. Sai dai iskar hunturu na kwaso ganyen wata bishiyar, don haka ka gwada gindin ganyen da tabon da ke reshe ka ga ko girmansu ya zo ɗaya.

Uku da aka fi rikita su

Kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, 'yar asalin yankinmu ce. Gindinta a kumbure yake kamar tulu, nan take ajiye ruwa, kuma takan yi fure ja mai ratsin fari a daidai lokacin da ba ta da ganye. 'Ya'yanta biyu-biyu suke fitowa kamar ƙaho. Ruwanta na ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassan Afirka suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi.

Bini da zugu, wato Jatropha curcas, asalinta Meziko da tsakiyar Amurka ne, amma ta zama 'yar gida har ana shinge da ita. Ɓawonta santsi gare shi, ruwanta ba fari fat ba ne, yana da yauƙi kuma yana ɓata tufa. 'Ya'yanta sukan yi baƙi idan sun bushe, galibi da iri uku a ciki. Nan haɗarin yake: irin ba shi da ɗacin da zai kori yaro, sai su ɗauka wata irin gyaɗa ce, alhali kaɗan daga ciki na jawo amai da gudawa mai tsanani.

Ita kuwa Plumeria, da ake yawan gani a harabar makarantu da ofisoshi, rassanta kamar manyan yatsu suke, masu kauri da dunƙulallen kai, cike da manyan tabon ganye. Ruwanta fari ne tas, yana sa ƙaiƙayi a fata, amma gindinta ba ya kumbura irin na kariya.

Idan har yanzu ba ka tabbata ba

Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, sai dai sun fi ƙwarewa a kan fure da ganye, busasshen reshe kan ruɗe su. Ɗauki hoton shukar gaba ɗaya, da tabon ganye daga kusa, da 'ya'yan, ka ɗauki amsarsu a matsayin zato kawai. Tambayi masu sayar da furanni da tsofaffin unguwa sunanta na Hausa, ai irin wannan sanin ne J. M. Dalziel ya tattara a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ka tuna dai suna ɗaya kan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari. Don tabbaci, akwai ɗakin adana samfurin tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ake gwada abin da ka kawo da wanda aka riga aka tantance.

Kafin nan, ka ɗauke ta a matsayin mai guba: share 'ya'yan da suka zuba, kada ka ƙona rassanta a murhu, kada ka jefa wa dabbobi. Idan yaro ya ci, a tafi asibiti nan take da reshe ko irin a leda, kada a jira sai alamu sun bayyana. In kuwa babu gaggawa, ɗaura mata ƙyalle ka jira damina. Da ruwan farko ya sauka za ta fitar da ganye, ita da kanta za ta faɗa maka sunanta.