Addi Ba: saurayin Futa da ya mutu bai tona asirin masu masaukinsa ba



Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da su, tsofaffin nan da ake ce wa ƴan mazan jiya. Ranar Juma'a suna sahun gaba, sanda a gefe. Ranar wani buki na gwamnati kuwa sai su fito da lambobinsu maƙale a gaban riga, suna takawa a miƙe duk da ciwon gwiwa. Mu kuma a lokacin ƙuruciya babu abin da ke ba mu dariya kamar Faransancinsu na bariki, musamman in ransu ya ɓaci. Ba mu zauna mun tambaye su abin da idanunsu suka gani ba, har Allah ya karɓi abinsa. Waɗannan su ne suka dawo. A wannan fitowa za mu kawo muku labarin ɗaya daga cikin waɗanda ba su dawo ba, saurayi Musulmi wanda Jamusawa suka harbe a shekarar 1943, kuma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin ƙasar da ya mutu a cikinta ta ba shi lambar girma.

Sunansa na yanka Mamadu Hadi Bah, amma Turawan da ya zauna cikinsu Addi Ba suke ce masa, kuma da wannan sunan tarihi ya riƙe shi. Bafulatani ne na Futa Jallo a ƙasar Gine, ƙasar allo da tawada, an haife shi a 1916 a ƙauyen Pelli Fulayabe. Yana da shekara ashirin da ƴan kai ya bi iyalin wani Bature ma'aikacin haraji zuwa Faransa. Ya zauna a garin Langeais, daga nan ya wuce Paris.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939 sai ya shiga soja da ƙafarsa, aka saka shi cikin runduna ta 12 ta sojojin da ake kira tirayer na Senegal. Kada sunan ya ruɗe mu. Tun 1857 da gwamna Faidherbe ya kafa waɗannan sojoji, sunan Senegal ya bi duk baƙar fatar da Faransa ta ɗauka daga kudancin Sahara, ko daga Gine ya fito, ko daga Nijar, ko daga Cadi. Kakanninmu na Damagaram da Tawa da Dosso da suka sa jar hular nan, su ma ƴan Senegal ne a takarda.

A watan Mayu na 1940 Jamus ta afka wa Faransa, cikin mako shida ta ci ta da yaƙi. Rundunar su Addi Ba ta yi faɗa a gabashin ƙasar tana ja da baya, har aka kama sauranta a watan Yuni. Faɗa wa hannun Jamusawa a wannan watan ba ƙaramin haɗari ba ne ga baƙin soja. A Chasselay, kusa da Lyon, sun ware baƙaƙe daga farare suka bindige su. A Airaines sun harbe kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, saboda ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa baƙin sojojin da aka kashe haka bayan sun ajiye makamai sun kai 1,500 zuwa 3,000. Shi dai Addi Ba yana da sauran kwana. Aka tsare shi a Neufchâteau, a yankin Vosges, ba a daɗe ba ya tsere tare da wasu ƴan'uwansa suka faɗa daji.

A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya. Vosges ƙasa ce ta duwatsu da dazuzzuka masu duhu, hunturunta kuwa ba irin namu ba ne, ƙanƙara ce ke rufe ƙasa. Baƙin mutum ba shi da inda zai ɓuya a cikin irin waɗannan ƙauyuka, ko makaho ya san baƙo ne. Saboda haka ran waɗannan sojoji yana hannun manoman wurin, kuma manoman suka riƙe amana. Suka kai musu abinci a ɓoye, suka yi jinyar masu rauni, alhali kowa ya san abin da zai same shi in Jamusawa suka ji. A ƙarshe Addi Ba ya sami masauki a wani ɗan ƙauye mai suna Tollaincourt, inda magajin garin, Louis Dormois, ya ba shi wurin zama, aka riƙa nuna shi kamar ɗan aikin gona ne. Ƙauye guda ya haɗa baki a kan baƙo ɗaya har wajen shekara uku.

Yana da hanyar tsira, domin shi da kansa ya taimaka wa wasu ƴan'uwansa tirayer suka ƙetare zuwa ƙasar Suwis, wadda ba ta cikin yaƙin. Bai bi su ba. Tun ƙarshen 1940 ya haɗu da mutanen yankin da ke shirya turjiya a asirce, cikinsu har da Marcel Arburger, wani mai aikin famfo daga garin Lamarche. Ya zama mai kai saƙo da mai raka waɗanda ake nema, yana ratsa ƙauyuka a kan keke. Mutanen wurin ajidan suke ce masa, ko da yake bai taɓa samun wannan galan a soja ba. Girman da suka ga ya dace da shi ne suka ba shi da bakinsu.

A watan Fabrairu na 1943 gwamnatin Vichy, mai yi wa Jamus biyayya, ta kafa dokar tura samarin Faransa aikin tilas a masana'antun Jamus. Samari suka riƙa gudu suna neman mafaka. Cikin watan Maris Addi Ba da Arburger da abokansu suka kafa sansani a cikin daji tsakanin Martigny-les-Bains da Robécourt, suka sa masa suna Délivrance, wato kuɓuta. Shi ne sansanin turjiya na farko a Vosges. Samari kusan 80 suka taru a ciki, tare da wasu Rashawa da suka tsere daga hannun Jamusawa, kuma ciyar da su da tsare lafiyarsu na cikin abin da ya rataya a wuyan Addi Ba.

Nan akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba. A daidai wannan lokacin, a Gine da Nijar da sauran ƙasashenmu, Faransa da kanta tana kwasar mutane aikin dole, suna fasa dutse suna share hanyar mota ba ko sisi. Ba a soke wannan ba sai a watan Afrilu na 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Wato ɗan ƙasar da ake yi wa aikin dole shi ne ya tsaya yana ɓoye ƴaƴan masu mulkinsa don kada a yi musu aikin dole. Mun sha jin matasanmu na cewa, to me ya kai shi? Faɗan Turawa ne, ina ruwan Bafulatani? Tambayar tana da nauyi, ba za mu yi mata dariya ba, domin mulkin mallaka zalunci ne ko ta ina aka dube shi. Amma a namu ganin, bayan 1940 ba tuta kaɗai ta tsayar da shi ba. Tutar ta riga ta faɗi, hafsoshin sun miƙa wuya, ba mai biyansa albashi, ba mai ba shi umurni. Abin da ya rage a gabansa shi ne mutanen da suka ciyar da shi yana jin yunwa, suka rufa masa asiri yana gudu, ga shi yanzu ana farautar ƴaƴansu. Duk wanda ya tashi a gidan da aka koya masa haƙƙin maƙwabci da haƙƙin mai masauki, ba zai rasa gane wannan lissafin ba.

A watan Yuli na 1943 Jamusawa suka gano sansanin suka tarwatsa shi. Daga bisani suka kama Addi Ba bayan sun ji masa rauni da harsashi, suka kai shi kurkukun Épinal, babban birnin yankin. Laƙabin da suka ba shi shi ne baƙin ɗan ta'adda. Mu da muke jin wannan kalma safe da yamma a rediyo, ya kamata mu riƙe cewa an taɓa liƙa ta a kan mutumin da laifinsa shi ne ɓoye samari daga hannun ƴan Nazi.

Abin da suke so a wurinsa sunaye ne: wa ke kai burodi, wa ke kai saƙo, gidan wa ake kwana, wane magajin gari ne ya rufe ido. Duk ya san su, gida gida. Kalma kaɗan daga bakinsa ta isa a kwashe iyalai da dama. Suka azabtar da shi, bai faɗi sunan kowa ba. Ba ma son mu wuce nan da sauri, domin jaruntakar fagen fama wani lokaci ta minti kaɗan ce, jini ya hau, mutum ya yi abin da bai shirya ba, ga kuma abokai suna kallo. Ta ɗakin tambaya kuwa kullum sabuwa ake nema, mutum shi kaɗai, da rauni a jiki, babu ɗan'uwa, babu mai jin harshensa, kuma ya san in ya yi magana ba wanda zai ga laifinsa, tun da waɗanda zai ambata ba danginsa ba ne. Ranar 3 ga Disamba kotun sojan Jamus ta yanke musu hukuncin kisa shi da Arburger. Ranar 18 ga Disamba 1943 aka harbe su tare a tudun da ake kira La Vierge, a Épinal. Addi Ba bai kai shekara talatin ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Bayan yaƙi aka yi rabon lambobi, aka rubuta sunaye a jikin duwatsu, amma hukuma ta manta da shi. Ba abin mamaki ba ne in muka tuna yadda aka yi da waɗanda suka rayu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu na kuɗi. Shekara da shekaru hukuma na cewa mutum 35 ne suka mutu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, abokansu Turawa na samun ƙari su kuwa suna nan inda aka bar su, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga sun kwanta dama. Tsofaffin nan da muka yi wa dariya, da wannan ɗan fanshon suka ciyar da gidajensu.

Waɗanda ba su manta da Addi Ba ba su ne mutanen ƙauyukan nan. Tsofaffi suka ci gaba da ba jikokinsu labarinsa, wani gida kuma ya adana Alƙur'aninsa shekaru masu yawa, duk da ba mai iya karanta harafi ɗaya a ciki. Daga baya wani kanar mai ritaya, Maurice Rives, wanda ya taɓa jagorantar tirayer, ya ɗauki maganar ya yi ta bin ofisoshi da takardu. Ranar 13 ga Yuli 2003 aka ba Addi Ba lambar girma ta ƴan turjiya, aka miƙa ta ga danginsa da suka zo daga Gine. An sa wa tituna sunansa a Tollaincourt da Langeais. A 2012 marubucin nan ɗan Gine, Tierno Monénembo, ya fitar da littafin ƙagaggen labari a kansa mai suna Le Terroriste noir. A 2013 ɗan jarida Étienne Guillermond ya wallafa tarihinsa bayan dogon bincike, a 2017 kuma aka yi fim mai suna Nos patriotes. Ga ƴaƴanmu masu karatun Faransanci, littafin Guillermond ya fi kusa da abin da ya faru, domin ƙagaggen labari da fim kowanne ya ƙara nasa gishiri.

A gidajenmu da yawa akwai tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cikinsa da ɗan littafin soja na kaka, da lamba ɗaya ko biyu da suka yi tsatsa, wani lokaci har da hoto. A cikin littafin nan akwai lambar rundunarsa da shekarar da aka ɗauke shi da wuraren da aka kai shi. Muna roƙon iyaye su fito da shi, su ba yaro mai lakkol ya karanta wa gida, tun tsofaffin matan da suka san mai shi suna raye suna iya ƙara bayani. In kuwa an tarar wanda ya tafi bai dawo ba, a sa sunansa cikin addu'a.

Kabarin Addi Ba yana maƙabartar sojoji ta Colmar, a gabashin Faransa. Duk wanda Allah ya kai shi can cikin ƴaƴanmu masu karatu ko fatauci, ya tambayi inda yake, ya tsaya ya yi masa sallama.