Kaska, Raɓi Mai Jini

A kasuwar shanu ta Guéné, kan hanyar Kandi zuwa Malanville, mai saye ba ya tsayawa kallon tozo da ƙaho kaɗai. Sai ya ɗaga wutsiya, ya shafa hantsa, ya leƙa cikin kunne. Kaska yake nema. Garken da ya keto daga Nijar ko Najeriya ya iso nan yankin Alibori na Benin, da kaskarsa yake isowa.

Bahaushe ya yi mata kirari da “kaska, raɓi mai jini”, har ya ara wa mutumin da ba ya maƙale wa kowa sai mai abin hannu. Sunan ɗaya ne, amma iri-iri ce, kuma 'yar'uwar gizo-gizo ce: da ƙafa shida take ƙyanƙyashewa, in ta girma ta koma takwas.

Wadda makiyaya suka fi tsoro ita ce Amblyomma variegatum. Namijin ado gare shi, bayansa kamar an zuba jan ƙarfe, sai dai bakinsa dogo ne. Da faɗuwar damina take kama hantsa da hammata. Inda ta ciji nan ƙirci ke samun ƙofa, fata ta yi ɓawo, saniya ta rame, wani lokaci kan nono ya lalace har maraƙi ya rasa abin tsotso. Mace guda kan zuba ƙwai har 20,000. Hyalomma mai ratsin ƙafa kuwa ƙarƙashin wutsiya take laɓewa.

Sai baƙuwa. Rhipicephalus microplus asalinta Asiya ce, ta shigo kudancin Benin a jikin shanun Girolando da aka kawo daga Brazil a 2004, ta yi ta bin garke har arewa. Tana yaɗa cutar da ke sa saniya fitsarin jini, kuma sau da yawa maganin feshin da aka saba da shi ba ya kashe ta. Abin tausayi makiyayin da zai ƙara magani, ya ƙara kuɗi, alhali ba kaskar da ya sani ba ce yake yaƙa.

Balbela, “ci da motsin wani”, an fi ganinta a gindin shanu, amma fara take kamawa. Mai cin kaska na gaske carki ne, sai kaji da ke tsince ta a jikin shanu in sun kwanta a ruga. Da asuba kafin tatsa, har yau yara da hannu suke cire manyan kaskar, su jefa a wuta.