Idan aure ya mutu, wa ke da gida, wa ke da kaya?

A Nijar har yanzu babu dokar iyali guda da ta hau kan kowa. Al'adar ma'aurata ce kotuna ke bi wajen aure da saki, alƙali na zama tare da mataimaka masana al'ada. Ga mafi yawan jama'a, al'adar nan ta haɗe da fiƙihun Malikiyya. Ma'aurata da yawa ma ba sa kai wa kotu, a gaban malam ko mai gari ake gamawa.

A Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Sadaki na mace ne, sai dai idan ita ta nemi hul'i, ko an sake ta kafin a sadu, inda rabi kawai take riƙewa. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, akuyoyinta, jarin sana'arta da gonar da ta gada duk nata ne. Ciyarwa da wurin kwana a lokacin idda suna kan miji idan sakin na kome ne.

Rigimar tana tasowa ne a kan abin da aka tara tare. Mace ta kwashi adashi ta sayi siminti da kwano, ta sayar da saniyarta aka yi rufi, amma takardar filin sunan miji take ɗauke da shi. Ran rabuwa sai ta fita da gado da kwanuka, gida ya zauna wa maigida. Fiƙihu bai ce kuɗinta sun bi ruwa ba: idan rance ne ko haɗin gwiwa, tana da hakkin a biya ta. Sai dai ita ce mai da'awa, ita za ta kawo shaida, kuma mata kaɗan ne ke kiran shaidu kafin su miƙa wa miji kuɗi.

Kayan cikin gida ma haka. Idan babu shaida, Malikiyya na ba mace abin da aka san na mata ne, tare da rantsuwa. Abin da maza da mata ke amfani da shi kuwa, miji ake bai wa idan ya rantse. Firij ɗin da take sayar da ƙanƙara da shi na iya faɗawa nan.

Shi ya sa rasit mai sunanta, ko ƴar takarda da shaidu biyu suka sa wa hannu, ke da nauyi gaban alƙali. Fili kuwa, ana iya neman a rubuta sunayen su biyu tun ranar saye.